Ina za a kai yara ranar hutu? Auna wuraren fita na yini guda a Kano da kewaye

Da an ba da hutun makaranta, kwana uku ba sa cika sai ka fara jin "Abba, yaushe za ka kai mu?" A gidana masu tambayar huɗu ne, daga 'yar shekara 5 zuwa ɗan shekara 16, kuma abin da ke burge ƙaramar shi ne ke sa babban hamma. Wannan ce matsalar da mai iyali ke fuskanta kafin ya ciro ko sisi daga aljihu. Sunan wuri ba shi ne abin dubawa na farko ba. A fara duba shekarun waɗanda za a ɗauka, da tsawon hanyar da za su iya jurewa, da lokacin da za a dawo gida. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin ƙofa ya zama ƙaramin abu a lissafi, hanya ce ke cin kuɗin.

Gidan Zoo shi ne wurin da kowa ke fara ambata, kuma da dalili. An kafa shi a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako wanda yake ɗauke da sunansa, yana cikin gari, adaidaita sahu ma zai kai ku har bakin ƙofa. Ga yaron da bai wuce shekara 10 ba, babu abin da ya kai ganin zaki da kura da jimina da kada ido da ido, bayan ya daɗe yana jin sunansu a tatsuniya. Akwai bishiyoyi da inuwa, za a iya shimfiɗa tabarma a ci guzuri, kuma idan yaro ya gaji ko ya fara rigima, cikin rabin awa an koma gida. Wannan sauƙin komawa babban abu ne ga mai goyo.

Sai dai a zaɓi rana. Kwanakin bikin Sallah gidan yakan cika maƙil, har ka fi ganin ƙeyar mutane a kan dabbobi, kuma a irin wannan turmutsutsun ne yara ke ɓata. Wanda ba makawa sai ya je a lokacin, ya rubuta lambar wayarsa a takarda ya sa wa kowane ƙarami a aljihu, ya kuma nuna musu wuri ɗaya da za a haɗu in an rabu. Ni na fi son safiyar Talata ko Laraba a tsakiyar hutu, kafin rana ta take, domin da zafi ya yi dabbobin kan shige inuwa su kwanta, yara su yi ta leƙe ba su ga komai ba. Matashi kuwa, in ya taɓa zuwa sau biyu, karo na uku rakiya kawai zai yi muku.

Wuraren lilo da manyan shagunan zamani ba zan daɗe a kansu ba. Suna da sanyi, suna da banɗaki, yara na son su, amma kowane lilo da kuɗinsa, kuma mai yara huɗu zai ga kuɗin yini ya ƙare cikin awa ɗaya. A yanke adadin hawa tun daga gida. A kuma duba na'urar da ido kafin a ɗora yaro. Na taɓa sauke 'yata daga wani lilo mai juyawa bayan na ga igiyar ɗaure ƙugu ta tsinke an ƙulle ta da hannu, mai kula da wurin kuma yana cewa ba komai. Tun daga ranar nake fara tsayawa in kalli zagaye ɗaya kafin in biya.

Fitar da na fi ba mai gauraye iyali shawara, wato mai ƙanana da matasa a haɗe, ita ce zagayen cikin birni, kuma abin mamaki ita ce Kanawa suka fi rainawa. Akwai wanda aka haifa a Fagge ko Gwammaja, ya yi 'ya'ya, bai taɓa taka saman Dutsen Dala ba. A fara da Dalar da sassafe, bayan an karya. Akwai matattakala, hawan ba ya da tsawo, amma yana sa haki, don haka mai ciwon gwiwa ko mai juna biyu ta jira a ƙasa. A sama babu inuwa, kuma ba ko'ina ke da abin tokare ba, sai a riƙe hannun ƙanana da kyau. Amma da an isa, birnin nan gaba ɗaya yana shimfiɗe a gabanka: ga koren kubbar Babban Masallacin Juma'a, ga Goron Dutse can yamma, ga rufin gidaje har iya ganinka. A nan ne labarin Barbushe da Tsumburbura ke shiga kunnen yaro, domin yana tsaye a kan dutsen da ake magana. Ɗana da ba ya ɗaga kai daga waya, a nan ya yi ta tambaya yana neman unguwarmu da yatsa. A je da rana tsaka ko a bari sai dab da magariba, duka biyun ban ba da shawara ba.

Daga Dala sai Gidan Makama, kusa da fadar Sarki. An gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa tun yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau gadon Kano a 1463, yanzu kuma gidan tarihi ne. Ginin kansa abin kallo ne, katangar ƙasa mai kauri, da daurin guga, da sanyin da ke cikin ɗakunan ko a bazara. A ciki akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin birni, da kayan yaƙi, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903, da ɗakin amarya da jerensa na da, wanda 'yan mata kan daɗe a gabansa suna kwatanta shi da na yanzu. Shawarata a nan guda ce: a nemi ma'aikacin da zai zagaya da ku yana bayani, a kuma yi masa ihsani. Ba tare da mai bayani ba, yara za su ratsa ɗakunan cikin minti goma su ce sun gama. Ga ɗan sakandare mai shirin jarrabawa, awa ɗaya a nan ta fi masa mako guda na haddar tarihi.

Idan da sauran ƙarfi, a ƙarasa Ƙofar Mata wajen marina. Ana danganta karofin nan da shekarar 1498, kuma har yau akwai masu rini da baba da toka kamar yadda suka gada, ko da yake ramuka da yawa sun daina aiki. Abin da ya sa nake son wurin shi ne matashi yana samun abin yi da hannunsa. A tafi da farin ƙyalle ko farar riga, a yi ciniki da marini, a bar yaro ya ga yadda ake ɗaurewa, a tsoma, a ɗago iska ta buge shi, launin ya riƙa komawa shuɗi a kan idonsa. Kusa da nan za a ji ƙarar masu bugu suna fito da ƙyallin yadi. Ramukan suna da zurfi kuma a buɗe suke, saboda haka ɗan shekara 3 a kafaɗa ya kamata ya kasance. A nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa, mutane ne a bakin sana'arsu. Kasuwar Kurmi tana nan kusa, ita ma tun zamanin Rumfa, amma lungunanta matsattsu ne, na fi ganin a ware mata wata rana da manyan yara kaɗai. Haka Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Duk zagayen nan, in an fita ƙarfe bakwai, ana iya yin azahar a gida, kuma man da za a ƙona bai taka kara ya karya ba.

To, sai masu son a bar gari, a ga ruwa da fili. Madatsar ruwa ta Tiga ce ta fi shahara, kusan kilomita 70 daga Kano, ta titin Zariya. Ita ma aikin zamanin Audu Bako ce, an kammala ta a 1974, kuma ruwanta ne ke shayar da gonakin rani na Kura da Kadawa. Hanyar kanta darasi ce, domin yaron birni zai ga shinkafa da tumatir a gona, ya san ba a kasuwar 'Yankaba ake ƙera su ba. A can kuwa ga faɗin ruwa, ga duwatsu, ga iska, ga masunta da tarwaɗa da karfasa. Matasa na son wurin ƙwarai, ko don hotuna.

Amma a nan ne zan fi tsananta magana. Tiga wurin kallo ne, ba wurin wanka ba. Ruwan dam yana da zurfin da ba a gane shi daga baki, kuma ruwan kwance irin wannan yana ɗauke da tsargiya, cutar da ke sa yaro fitsarin jini makonni bayan kowa ya manta da tafiyar. Batun kwalekwale kuma, duk Bakano yana tuna abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, lokacin da jirgi ya kife a ruwan Watari da mutane, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. In babu rigar kariya ga kowane mutum ɗaya, ko aka ga an cika jirgin, kada a shiga, ko da yara za su yi fushi har a dawo gida. A kuma tafi da komai: abinci a kula, ruwan sha mai yawa, tabarma, buta, da ledar kwashe shara. Kada a dogara da cewa za a samu abin saye a can. Iyali biyu su haɗu su yi shatar mota ɗaya ya fi araha, ya kuma fi kwanciyar hankali, domin idanun manya sun ƙaru a bakin ruwa. Mai yara 'yan ƙasa da shekara 6 zalla, ni dai ina ganin ya dakata da Tiga tukuna, wahalar tsaronsu za ta cinye daɗin fitar.

Akwai tafiya biyu masu nisa da nake ware wa matasa, duka sun haura kilomita 100, wato a fita bayan asuba. Ta farko Daura, ta hanyar Dambatta da Kazaure, domin ganin rijiyar Kusugu. Kowane ɗan firamare ya san labarin Bayajidda da macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da sarauniya Daurama, da asalin Hausa Bakwai. Rijiyar tana cikin gini, ana ɗebo ruwan a ba baƙo. Gaskiyar magana, abin gani ba shi da yawa, minti talatin sun isa, saboda haka ƙaramin yaro zai ce wannan ce duka? Wanda ya girma har ya fara tambayar daga ina muka fito, shi ne zai ji nauyin wurin. In an haɗa da ganin ƙofar fada da cin abinci a gari, tafiyar ta biya kuɗinta.

Ta biyu Birnin Kudu a Jihar Jigawa, ta hanyar Wudil, inda ake da zanen dā a jikin duwatsu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Zanen shanu ne akasari, kuma akwai duwatsun da in an ƙwanƙwasa su suke amo kamar ƙararrawa. Wannan ta fi Daura motsa jiki, akwai tafiyar ƙafa da ɗan hawa, abin da saurayi ɗan shekara 15 yake so ke nan. A nemi ɗan gari ya yi jagora, a sa takalmi mai rufi, ba silifa ba. In da zan zaɓi ɗaya tsakanin biyun ga yara maza masu ƙarfi a jika, Birnin Kudu zan ɗauka. In kuwa da kaka ko inna a cikin tafiyar, Daura ta fi sauƙi.

Dajin Falgore, da ke kan hanyar Jos, yana yawan fitowa a jerin wuraren yawon buɗe ido na Kano. Ya sha fama da matsalar tsaro, kuma ba zan kai iyalina can ba. A kowace doguwar tafiya ma, a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a makon, su suka fi kowa sani, a duba taya da safaya, a kuma ƙudurta cewa magariba a gida za a yi ta.

Lokacin shekara yana sauya lissafin duka. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan haura digiri 40, Dala da Birnin Kudu ba sa hawuwa sai da sanyin safiya. Da damina gari ya yi kore, Tiga ta fi kyau, amma duwatsu na santsi kuma hadari kan taso ba sallama. Hutun Disamba ya fi dacewa da yawo, sai dai hazo kan rufe hangen nesa daga saman Dala, kuma mai asma ya tafi da maganinsa da takunkumi. Ranar Juma'a kuma a bar cikin birni, hanyoyin wajen fada da masallaci kan cushe tun kafin azahar.

Abu ɗaya da ya gyara mana fita a gidanmu shi ne ba babban yaro aiki. Na damƙa masa kuɗin yinin, na ce shi zai biya ƙofa, shi zai yi ciniki da mai adaidaita, shi zai kawo lissafi da yamma. 'Yar'uwarsa mai bi masa ita ke riƙe da waya tana ɗaukar hoto, tana kuma ƙirga ƙannenta duk inda za a tashi. A hutun da ya wuce shi ya ce a bar lilo a koma Ƙofar Mata, wai yana son ya rina wa Ummansu mayafi.