Sau uku na ce mata kada a sa jatan lande

Ranar Asabar ɗin da ta wuce muna Abuja, mun zo dogon hutu gidan yayata a Gwarimpa, yara suka kafe sai an kai su mol. Mu biyar muka fita: ni da Yaya, yarana biyu da ɗanta ɗaya. Da suka gaji da hawa da sauka a matakalar nan mai tafiya da kanta, muka nufi wajen masu abinci, inda shaguna suke jere kowa da kantarsa, kujeru kuma na kowa da kowa a tsakiya. Su shawarma da soyayyiyar kaza suke so. Ni ce na ja su wajen masu abincin Chaina, kuma har yanzu abin yana cina a rai. Ba zan kama sunan shagon ba, ba zan kama na mol ɗin ba, amma zan faɗi abin da ya faru yadda ya faru.

Akwai dalilin da ya sa na ja su can. Ina saro kayan kicin, na je birnin Gwanzu na ƙasar Chaina sau biyu, zuwana na ƙarshe a watan Oktoban 2019 lokacin babban baje kolin Canton, kafin korona ta rufe hanya. Duk wanda ya taɓa sauka a unguwar Xiaobei ya san shagunan nan masu koren allo na Musulmin Chaina, maza da fararen huluna, inda ake cin taliyar Lanzhou. A gabanka mutum zai ɗauki curin ƙullu ya ja, ya ninka, ya sake ja, ya buga a tebur, kafin ka ƙifta ido ya zama siraran zare. Ya jefa a tafasasshen ruwa, ya kwaso, ya zuba romon naman sa garai-garai, ya yayyafa ganye da jan mai mai yaji. Shekaru ke nan ina marmarin wannan ɗanɗanon. Na san ba shi zan samu a mol ba, amma na ce ko ƙamshinsa ne na shaƙa, yara kuma su ga irin abin da nake ba su labari.

Abincin yana jere cikin farantan ƙarfe a bayan gilashi, ruwan zafi a ƙarƙashinsu yana riƙe ɗumi. Soyayyiyar shinkafa iri biyu, taliya da kabeji da karas, kaza cikin jar miya mai zaƙi da tsami, naman sa da koren tattasai, sai sifirin rol a gefe. Kafin komai na yi tambayoyin da na saba. A can ƙasar, asalin wannan miya mai zaƙi da tsami da naman alade ake yin ta, kuma suna da wata giyar shinkafa da suke ɗigawa a girki kamar yadda muke sa daddawa. Yarinyar da ke kanta ta ce babu alade a kicin ɗinsu kwata-kwata, giya ma ba sa amfani da ita. Ta amsa ba tare da ɓata rai ba, wannan kam na ba ta.

Sai na zo kan abin da ya fi damuna. Autata shekararta 7, jikinta ba ya karɓar jatan lande. Tun tana 'yar shekara 3 muka gane, ranar da ta sha miyar agushi mai kirefish a gidan maƙwabta ta tashi da borin jini har fatar ido. Likita ya ce mu nisanta ta da shi da duk danginsa, har kaguwa. Na san kuma shinkafar da suke kira "sifeshal" da ƙananan jatan lande ake haɗa ta, haka tsarinta yake ko a can. Don haka na ce wa yarinyar, da Turanci a fili, ta zuba wa ƙaramar shinkafa mai ƙwai kawai, wadda babu kayan ruwa a ciki, saboda tana yi mata illa. Ta ce to. Tana danna na'ura na maimaita. Da ta miƙo tire na sake nuna farantin na ce, wannan ce mara jatan lande? Ta ce, "Eh, Madam." Sau uku. Yaya tana tsaye a gefena, ita ce shaidata.

Muka samu tebur da ƙyar, don Asabar ce wurin ya cika maƙil. Abincin kansa, in faɗi gaskiya, a lokacin ya riga ya sage min guiwa. Shinkafar ta daɗe a kan tururi, ta saki jiki, gefenta ya bushe ya yi ƙanzo-ƙanzo. Kazar fulawa ta fi tsoka yawa, miyar ta yi kauri da sitaci tana sheƙi, zaƙinta kamar an narka alewa. Taliyar mai kawai take nasowa. Babu ƙamshin citta, babu na tafarnuwa, babu na man riɗi, gishiri da farin magi ne suke ta aiki. Ina cikin wannan tunanin na ji auta ta ce, "Mama, bakina yana ƙaiƙayi."

Na jawo farantinta na baza shinkafar da cokali mai yatsu. Ga su nan, biyu, ƙanana, sun lanƙwashe kamar farce, launinsu ya saje da karas. Ta riga ta ci kusan rabin farantin. Leɓenta na sama ya fara tasawa, wuyanta ya yi ja tana sosawa. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Yaya ta ruga kemis ɗin da ke ƙasa ta sayo Piriton na ruwa, ni kuma na ɗauki farantin na koma kanta hannuna yana rawa.

Amsar da aka ba ni ita ce ta sa nake wannan rubutun. Yarinyar ta leƙa farantin ta ce ai guda biyu ne kacal, in tsince su in ajiye gefe. Na ce 'yata ta ci, ki dubi bakinta. Ta ce ita daga farantin mai ƙwai ta ɗebo, ba laifinta ba ne. Ina tsaye a wurin wani ya zo saye, na ga da idona yadda abin ya auku: ludayi ɗaya take amfani da shi. Ta tsoma a sifeshal ta zuba masa, ta mayar da shi cikin mai ƙwai ta bar shi a tsaye. Farantan biyu manne suke da juna. Ashe duk "to" ɗin da take ce min, ba ta ma fahimci abin da nake tsoro ba, ta ɗauka ƙyanƙyami ne irin na wanda ba ya son albasa. Na nemi manaja, aka ce ya fita. Na nemi lambarsa, aka nuna min wadda ke jikin rasit.

Hayaniyar ce ta fito da mai girkin. Saurayi ne, ba zai wuce shekara 30 ba, da hular girki da tawul a kafaɗa, kuma abin mamaki da Hausa ya yi min magana, irin ta mutanen Jos. Bai tsaya kare kowa ba. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, laifinmu ne. Yaya numfashinta?" Ya zagayo har teburinmu ya durƙusa ya dubi yarinyar, ya ce in dai ta fara tari ko muryarta ta canza kada mu tsaya jiran magani ya yi aiki, mu wuce asibiti kai tsaye. Shi kaɗai a shagon nan ya san girman abin. Yaya ta dawo aka ba ta maganin, muka zauna muna kallonta, sauran yaran biyu sun yi tsuru-tsuru ba wanda ya ƙara kai loma.

Ban ce ya kawo komai ba. Bayan kamar minti goma sai ga shi da faranti biyu na shinkafa, ya ce don sauran yaran kada su tafi da yunwa, ya wanke kaskon da sabulu, ya canza mai, ya ɗauki sabon ludayi. Ta ƙofar kicin da ke buɗe na hango shi yana yi, wuta tana tashi ta gefen kasko mai zurfin nan nasu, yana wurga shinkafar sama yana tarewa. Ba ni da niyyar ci, raina a ɓace yake, amma ƙamshin ya sa na ɗanɗana cokali ɗaya. Ikon Allah. Kamar ba daga kicin ɗaya ta fito da ta farko ba. Kowace ƙwaya a ware, ƙwan ya bi jikinta, lawashi ɗanye shar, ga wannan ƙamshin hayaƙi-hayaƙi da wuta mai ƙarfi kaɗai ke bayarwa, wanda rabona da shi tun Gwanzu. Ya ce shinkafar jiya ce da ta kwana a firij, da ita ake soyawa, sabuwar dahuwa caɓewa take yi. Ya ce a hannun wasu 'yan Chaina ya koya, shekara huɗu yana yi musu yanke-yanke kafin su bar shi ya taɓa kasko. Ɗan Yaya, wanda ko a gida sai an yi fama da shi, ya share farantinsa tas. A wannan lokacin har na fara cewa a raina, to, ai wurin yana da hannu, tsarin ajiye abinci a kan tururi ne yake kashe shi, da zan dawo in ce a soya min sabo.

Muna shirin tashi sai yarinyar kanta ta biyo mu da POS. Wai faranti biyun da aka ƙaro ba a biya ba. Na ce ban yi oda ba, mai girki ne ya kawo don ba da haƙuri. Ta ce duk abin da ya fita daga kicin sai an shigar, in ba haka ba daga albashinta za a cire. Saurayin ya fito ya ce a rubuta a kansa. Wannan ya ƙara ƙona min rai, don na ga wanda ya yi abin kirki shi zai biya kuɗin sakacin da ba nasa ba. Na biya, har da harajin kashi 7.5 da suke ɗorawa a sama. Farantin da ya kumbura wa 'yata baki ma ba a cire shi daga lissafi ba. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, kowa ya san abincin mol ba arha gare shi ba. Abin da ya dame ni, shago ne da ke sayar da jatan lande kullum, amma babu ko 'yar takarda a jikin gilashi da ke nuna abin da ke cikin kowane faranti, babu ludayi daban-daban, kuma ba a koya wa mai zuba abinci cewa akwai mutanen da ƙwaya biyu za ta iya toshe musu maƙogwaro ba. Yarinyar ma ban ɗora mata duka ba, an tsayar da ita a kanta ne ba a gaya mata komai ba.

Daga can asibiti muka wuce, don kumburin bai sauka yadda nake so ba, ya fara kama fatar idonta. Aka yi mata allura, aka riƙe mu har bayan isha'i ana duba numfashinta. Alhamdulillahi bai kai ga ƙirji ba. Abbansu da na kira shi yana Kano cewa ya yi in ba shi lambar shagon, na hana, don na san abin da zai biyo baya.

Mai son zuwa irin wuraren nan, shawarata kada ya karɓi abin da ke bayan gilashi, ya ce a soya masa sabo ko da zai jira minti goma sha biyar, bambancin ya kai a jira. Mai yaron da wani abinci ke yi wa illa kuwa, kada ya tsaya a kan maganar kanta, ya ce a kira masa mai girki, ya kuma dubi ludayin da idonsa. Ni dai da auta ba zan sake taka wurin ba.

Leɓen ya koma daidai ranar Litinin da safe. Lambar da ke jikin rasit ɗin na kira ta sau huɗu, ranar Lahadi biyu, ranar Litinin biyu. Na ƙarshen aka ɗauka, wata murya ta ce za a gaya wa manaja ya kira ni. Yau Alhamis, mun dawo Kano, rasit ɗin yana cikin jakata, wayar ba ta shigo ba.