Kyamara ko sikana wajen ɗaukar siffar tsoffin tukwane?

Malama, kin tambaya ko kyamara kaɗai ta isa a adana siffar tukwanen 'yan asalin ƙasa a kwamfuta, ko dole sai an nemi sikana.

Da kyamara, ɗora tukunyar ake yi a faifai mai juyawa, a yi ta ɗaukar hoto ta kowane gefe, kowane hoto ya maimaita kusan kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi. Daga nan manhaja irin Metashape, ko Meshroom da ake samu kyauta, ta haɗa su ta fitar da siffar 3D, wato mai tsawo da faɗi da kauri. Inda kyamara ta yi zarra shi ne launi. Kwanukan yumɓun Mimbres, wasu 'yan asalin ƙasa da suka zauna a yankin jihar New Mexico ta Amurka a zamanin da, waɗanda aka gina tsakanin shekarar 1000 zuwa 1130, baƙin zane ne a kan fari, ga zomaye ga kifaye, kuma kyamara tana fito da su tsaf. Amma ki kawo tukunya baƙa wuluk mai sheƙi, manhajar sai ta rikice, don ba ta da alamar da za ta kama. Idan kuma aka manta ajiye ma'auni a gefe, an sami siffa, ba a san girmanta ba.

Sikana haske take watsawa a jikin abu ta auna tudu da kwarinsa, kuskurenta bai kai milimita ɗaya ba. Mai son gano wane tsingaro ne ya dace da wane, ita zai nema. Tsada ce matsalarta, launinta ma sau da yawa bai kai na kyamara ba. Cikin tulu mai ƙaramin wuya kuwa dukansu ba sa gani, sai na'urar CT irin ta asibiti.

Ni dai kyamara zan ce ki fara da ita, sai in awo ne ainihin aikinki.

Sai dai kafin ki ɗauki hoto ko ɗaya, ki tambayi inda aka tono abin. Kwanukan Mimbres da yawa a kabari aka same su, a kife kan fuskar mamaci, an huda gindinsu. Amurka ta yi dokar NAGPRA, ta kare kaburburan 'yan asalin ƙasar da mayar musu da kayansu, a 1990, kuma tun Janairun 2024 sai da yardar ƙabilun da abin ya shafa ake baje kolin irin waɗannan kaya ko a yi bincike a kansu. Siffar da ta hau intanet kowa na iya sauke ta ya buga kwafinta. Manhajar Mukurtu, da aka fara da mutanen Warumungu na Ostireliya, tana bai wa al'umma damar zaɓar wanda zai ga kowane abu.