Tom Brady ko Joe Montana: Wa Ya Fi Wani?

A ƙwallon ƙafar Amurka, kwatabak shi ne madugu: shi ke jagorantar hari, shi ke jefa ƙwallo. Kuma da zarar an fara musun gwanin gwanaye, sunaye biyu ne ke fitowa.

Montana ya kai ƙungiyar San Francisco 49ers Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin babbar gasar ƙasar, sau 4, ya ci duka, ba a taɓa cafke masa jifa ko ɗaya a wasannin nan ba. Brady kuwa, wanda sai a lamba ta 199 aka ɗauke shi a zaɓen sabbin 'yan wasa da ƙungiyoyi suka yi a 2000, ya je sau 10, ya ɗauki kofi 7, ya sha kashi sau 3.

A ganina Brady ne gaba, amma 'yan jarida sun ƙara wa miyarsa gishiri. Ya yi zamani da intanet, inda farfaɗowarsa a Super Bowl na 2017, lokacin da ƙungiyar Atlanta ke gaba da maki 28 da 3 amma ya juya wasan ya yi nasara, ke ta yawo a wayoyi, yanzu ma yana sharhin wasanni a tashar talabijin ta Fox. Montana kuwa matasa sai dai su gan shi a tsofaffin faifai, ba a cika tuna musu cewa a lokacinsa dokokin kare kwatabak daga duka ba su yi tsaurin na yau ba.