Waƙar fada: a rediyo ko a waya?

A Gusau, mai son waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo ko na Sa'idu Faru hanya biyu gare shi: ya jira gidan rediyo ya sako su bayan isha'i, ko ya je wurin masu tura waƙa a kasuwa a cika masa memori.

Ta waya ba ta da wahala. Abin da kake so shi za ka ji, lokacin da ka ga dama, ka maimaita baitin da ya tsere maka har ka kama shi. Illarta ita ce sau da yawa waƙar na zuwa a guntule, babu sunan sarkin da aka yi wa ita, wani lokaci ma an liƙa mata sunan wani makaɗin.

Ni dai rediyo na fi so. Waƙar fada doguwa ce, sai an natsu. Kotso ya fara, makaɗi ya ja baiti, 'yan amshi su karɓa, ana lissafo kakannin sarki, ana yi wa abokan gabarsa zambo. Mai gabatarwa da ya san aikinsa zai gaya maka wa aka yi wa waƙar, ya warware kalmomin Zamfarci da yaran yanzu ba su sani ba. Kuma a ƙofar gida ake ji, inda dattijo zai tsoma baki ya gyara tarihi. Turawa ma sun riƙe wannan hanya: tun 1927 BBC ke watsa Proms, bikin kaɗe-kaɗe na shekara-shekara, a rediyo daga Landan.

Takaicin rediyo shi ne talla da ke yanke waƙa ana tsakiyar kirari.