Mazaunin inji da kayan aikin tsohon babur: na saye ko na mai walda?

Wani ɗan'uwa daga Kaduna ya tambaya cewa ya samu tsohon Yamaha DT175 yana son ya kwance injinsa da kansa, amma bai san ko ya yi odar mazaunin inji da sauran kayan aiki daga waje ba, ko kuwa ya sa a ƙera masa su a gida. Malam, amsar ba ɗaya ba ce ga dukan kayan, domin abin da aikinsa riƙewa ne kawai hukuncinsa daban da abin da yake da zare, wato haƙoran ɗauri irin na noti, ko yake yin awo.

Mu fara da mazaunin, wato ƙarfen da ake ɗaure inji a kansa yayin da ake aiki a kai. Wanda ake sayarwa a shagunan kayan mota an yi shi ne don injin mota, ana ɗaure shi ta bayan inji inda giya take haɗuwa, saboda haka ba zai kama injin babur ba sai an yi masa kwaskwarima mai yawa. Wanda aka ƙera musamman don babur yana da kyau, yana juyawa ta kowane gefe, sai dai kuɗin dakonsa daga Turai ko Amurka yakan yi yawa saboda nauyin ƙarfe. A nan na gida ya fi, tunda kana Kaduna ga kasuwar Panteka kusa da kai, wanda yake Kano kuma ga kasuwar Kofar Ruwa. Sharaɗin kawai shi ne ka ɗauki injin kansa ka kai wa mai walda, ya auna ramukan da ake ɗaure shi a jikin babur, kada ka yarda da awon baki ko na hoto. Ka kuma tuna cewa cikin injin DT yana rabewa ne gida biyu, dama da hagu, kuma kusoshin ɗaurin suna ratsa ɓangarorin biyu, don haka ranar da za ka raba shi dole ka sauke shi daga mazaunin ka kwantar da shi a kan katako huɗu da aka haɗa kamar akwati marar gindi. Wannan kafinta zai yi maka shi kafin ka gama shan shayi.

Abin riƙe kuloci ma haka yake: tsohon faranti na ƙarfe daga cikin kulocin, a yi masa walda da mariƙi, ya isa.

Inda ba na ba da shawarar ƙirar gida shi ne abin cire maganeto, wato ƙarfen nan mai maganaɗisu da yake juyawa a bakin sandar inji yana samar da wuta. Na DT yana da zare mai faɗin milimita 27, tazarar haƙoransa milimita 1, kuma zaren hagu ne, wato ana ɗaure shi ta inda aka saba kwance noti. Zare mai laushi irin wannan idan aka yanka shi da ɗan kuskure, da ya ji ƙarfi sai ya cinye haƙoran maganeton, daga nan kuma sai neman wani, wanda samunsa a yau ya fi samun babur ɗin wuya. Na taɓa tsayawa a kan wani bakanike yana dukan nawa da guduma yana ɗaga shi da sukudireba biyu, ya fita kuwa, amma bakin sandar injin ya buɗe har noti ya ƙi komawa. Na saye ba shi da tsada kuma ba shi da nauyi. Kamfanin Motion Pro na Amurka yana yin sa, kuma da yake ƙananan babura da yawa na Japan suna amfani da wannan awon, yana da kyau ka fara tambayar masu kayan babur, waɗanda yawancinsu daga Nnewi suke saro kaya, kafin ka yi oda.

Sukudireba ma sayenta za ka yi. Kusoshin baburan Japan na wancan zamani suna bin ma'aunin masana'antun Japan da ake kira JIS, da yawansu za ka ga ɗan ɗigo a kansu, kuma sukudireba mai kan gicciye ta yau da kullum zamewa take yi a cikinsu tana cinye kan. Ta kamfanin Vessel na Japan tana zama daram. Ka haɗa da irin wadda ake bugawa da guduma tana juyawa, domin kusar da ta shekara arba'in a cikin alminiyam ba ta kwantuwa da lallashi.

Sauran biyun kayan awo ne, kuma babu mai waldar da zai ƙera su: sifana mai nuna ƙarfin ɗauri, saboda notocin kan silinda, da siraran ƙarafan auna tazara. Idan injinka na farkon fitowa ne mai foyin, wato ƙananan ƙarafa biyu da suke buɗewa da rufewa don ba fulogi wuta, tazarar da ke tsakaninsu tana tsakanin milimita 0.3 zuwa 0.4, kuma ido ba ya iya ganin wannan bambanci.