Ajin nazarin manya: malami ɗaya a gaba, ko a raba mutane rukuni-rukuni?

Wani dattijon ikkilisiya daga Garwa a ƙasar Kamaru ya ce ajinsu na nazarin Littafi Mai Tsarki, wanda manya ke yi kafin sujadar Lahadi, ya fara da mutum kusan 40, yanzu da kyar ake samun 15. Wasu sun ce a raba shi ƙananan rukuni, wasu sun ce a bar malami ɗaya a gaba yadda aka saba. Yana tambaya wanne ya fi.

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Mu fara da wanda aka saba.

Amfanin malami ɗaya shi ne koyarwa tana fitowa daga baki ɗaya, kuma mutum ɗaya kaɗai za a shirya. Akwai wuraren da ba a iya yi sai da shi: Romawa sura 9 zuwa 11, ko zancen Malkisadik a Ibraniyawa 7, in ka bar su ga mutum 8 su tattauna, kowa zai tashi da nasa. Matsalarsa a yankinmu ita ce harshe. A benci ɗaya za ka tarar da mai Littafi Mai Tsarki na Faransanci fassarar Segond, da mai Fulatanci, da mai Hausa fassarar 1979, ga tsohuwar da ba ta karatu sam. In malami ya yi minti 40 da tafinta, abin da aka koyar na minti 20 ne. In ya tambaya "An gane?" kowa ya ce an gane, don babba ba ya yarda a ga gazawarsa a bainar jama'a. Daga nan ajin ya koma wa'azi kafin wa'azi, mutane kuma su ga ba su yi asarar komai ba in sun zo a makare.

Rukuni kuwa yana sa bakin kowa ya motsa, amma yana da sharuɗɗa. Mutum 6 zuwa 10 ya isa. In ya wuce 12, uku ne za su yi magana, saura su zama 'yan kallo. A raba bisa harshen da mutum ke addu'a da shi a gida, ba bisa shekaru ba. A kuma lura da kunya: matar da aka zaunar kusa da surukinta ba za ta ce uffan ba, ko da ta fi kowa sanin amsar. Shi ya sa a wurare da yawa ya fi kyau shugabannin zumuntar mata su riƙe rukunin mata.

Ga yadda awa ɗaya za ta tafi, a ce Markus 4:35-41 ne, aya 7 kacal. Addu'a da gabatarwa minti 5. A rukuni, a karanta da ƙarfi sau biyu, mutum biyu daban. Sai a rufe littafi, wani ya ba da labarin da bakinsa, saura su cike abin da ya tsallake. Nan ne wanda ba ya karatu ke shiga daidai da kowa, kuma sau da yawa shi zai tuna cewa Yesu yana barci ne a kan matashin kai a ƙarshen jirgi. Bayan haka tambaya uku, kada su wuce huɗu. "Yesu yana da iko a kan iska?" tambaya ce matacciya, i kawai za a ce. Gara a ce: "Iska ta riga ta kwanta, to me ya sa a aya 41 tsoron almajiran ya ƙaru?" In an yi tambaya, shugaba ya ƙirga 10 a zuciyarsa kafin ya buɗe baki, domin yawancinsu shirun ne ba sa iya jurewa, sai su amsa wa kansu. Wannan duka minti 35 zuwa 40 ne.

Inda rukuni ke lalacewa kusan kullum wuri ɗaya ne: shugaban da ba a shirya ba. Ko dai ya zama ƙaramin mai wa'azi, ko ya bar mai yawan surutu ya cinye lokaci, ko wani ya kawo koyarwar da ya ji a waya ba wanda ya gyara. Ga kuma hayaniya in rukuni 4 suna ƙarƙashin rufin kwano ɗaya. A fitar da biyu gindin darbejiya.

Abin da muke gani, Baba, ku raba, amma kada ku sallami malamin. A ba shi minti 15 na ƙarshe: kowane rukuni ya faɗi abu ɗaya da ya gano da tambaya ɗaya da ta gagare shi, shi kuma ya warware, ya gyara kuskure ba tare da kiran sunan kowa ba. Babban aikinsa ya koma ranar Alhamis ko Asabar, ya zauna da shugabannin rukuni awa ɗaya su bi nassin tare, su rubuta tambayoyin. In ba za a iya wannan zaman ba, a ci gaba da malami ɗaya tukuna, a rage bayaninsa zuwa minti 25, a shigo da karatu sau biyu da maimaita labari.

Ku fara da Markus. Sura 16 ce, kusan duk labari, in ana ba kowace sura Lahadi biyu ya kai ku mako 32. Kada a buɗe sabon tsarin a tsakiyar damina lokacin da noma ya sha kan mutane. Bayan girbi ya fi. Masu hulɗa da waɗanda suka daina zuwa su je musu gida su ji dalili kafin ranar buɗewa, don in lokacin ne bai dace da masu zuwa kasuwa ko masu ƙananan yara ba, sai a matsar da shi zuwa bayan sujada ko yammacin Laraba.