Shagon gyaran sola da ɗan garinmu ya buɗe

Masu noman rani a yankin Auyo da Kafin Hausa ku matso, zan baku labarin inda na kai famfona gyara.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 injin fetur ya fi ƙarfina, na sai da bijimi na haɗa famfon sola. To satin da ya wuce ruwan famfon ya ɗauke cak, ga shinkafa ta yi ciki, kun san ai lokacin da ko yini ɗaya bata son ƙishi. A da sai dai ka kwashi kaya zuwa Haɗeja, in basu gane ba ka wuce Sabon Gari a Kano, kuɗin mota daban na abinci daban, ka dawo gona ta tsage.

Wannan karon shagon wani yaro ɗan garinmu da ke bayan kasuwa naje. Lantarki ya karanta a jami'ar Wudil, wadda yanzu ake ce mata Aliko Dangote, ya gama bautar ƙasa yayi ta yawo da kwali ofis ofis shiru, har an fara cewa uban yayi asarar kuɗin makaranta. Da kanshi ya hau mashin ya bini fadama. Yasa mita ya auna fanel ɗaya bayan ɗaya yace Kawu famfonka lafiyarshi lau, waya ce aka sa maka siririya take zafi, wuta na lalacewa a hanya kafin ta kai kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa wutar famfo, ga ƙura ta rufe fanel. Ya canza waya, yace in riƙa goge fanel da sassafe kafin rana tayi zafi. Kafin azahar ruwa na gudu a gonar shinkafata wallahi har na ji ƙwalla.

Abinda ya fi burgeni ma yara uku nagani a shagon suna koyo, ɗaya ɗan maƙocina ne da ke shirin tafiya ci-rani Legas. Kuɗin da muke kaiwa birni yanzu anan yake juyawa, har mai shayin gefen shagon ya ƙara benci. Jigawa muna da jami'ar tarayya a Dutse tun 2011, ga ta jiha a Kafin Hausa, duk shekara suna yaye ɗalibai, in da kowace gunduma zata samu irinshi ko biyu ai da noman shinkafa da riɗi ya wuce haka.

Inda nake da ƙorafi, jarinshi kaɗan ne, baya ajiye kaya. In kwantirola ce ta ƙone sai ka bada kuɗi ka jira ya aika Kano, wani abokina kwana biyar yayi yana jira. Kuma ranar kasuwa layi ne, ku kirashi tun da dare kafin ku taso.